Kujerar Bagobiri

A Sabo ta Ibadan, idan ka bar babban masallaci ka gangara ta wajen Mokola, akwai wani tsohon gida mai rufin kwano da tsatsa ta cinye, da benci a ƙofarsa wanda zama ya goge har yana sheƙi. Gidan Alhaji Muhyiddeen ake ce masa har yau, ko da yake Alhajin ya daɗe da kwanta dama. A nan aka haifi ɗansa Ɗanbaba, a nan ya yi aure, a nan kuma aka wanke shi a daminar bara. Sunansa na yanka Abubakar Sadiq, amma in ka cire limamin da ya raɗa masa da wanda ya ɗaura masa aure, babu wanda ya taɓa kiransa da shi.

Sana'arsa ɗaurin goro. A zamanin da goro yake goro, Alhaji Muhyiddeen mai saukar fatake ne. Baƙo zai zo daga Arewa, Alhaji ya ba shi ɗaki da abinci, ya haɗa shi da Yarbawa masu gonakin goro, ya tsaya masa idan rigima ta taso. Yaran gida su ne masu tsince goron, su ware mai sankara, su shimfiɗa ganyen fita su ɗaure huhu. Ɗanbaba ya fi kowa hannu a wannan aiki. Huhun da ya ɗaure yakan kai Sakkwato goron ciki bai yi laushi ba.

Gidan yana da doka guda wadda ko yaron da ya fara tafiya ya san ta: ba a naɗe wa baƙo tabarma. Idan baƙo ya gama harkarsa, shi yake naɗe tabarmarsa da hannunsa, ya jingine ta a bango, ya miƙa makulli. Idan kuwa ya bar ta a shimfiɗe ya fita, to, ya ce zai dawo ke nan, ɗakin nasa ne ko da gidan ya cika har zaure. Alhaji yakan ce, "Wanda ya naɗe wa baƙo tabarma ya kore shi ne, ko da bakinsa yana cewa sai ka dawo."

A ƙarshen shekarun saba'in Alhaji ya sayi akwatin talabijin, mai baƙi da fari, ya ajiye a zaure saboda baƙi. Sharaɗinsa ɗaya: da ladan ya ɗaga murya a kashe. Ran Lahadi bayan la'asar ana nuna wani shirin Turawa na wasu mutane da ke yawo tsakanin taurari a cikin wani ƙaton jirgi, su sauka nan, su tashi can. Mutanen Sabo ba su damu da sunansa na Turanci ba, Ayarin Sama suke ce masa, shugaban jirgin kuwa Madugu. Mai yi musu fassara Abdurrahim ne, wani saurayi da ke koyon gyaran rediyo a Mokola. Rabin Turancin yake kamawa, sauran rabin ya cike da nasa.

A cikin mutanen jirgin akwai wani dogo mai tabo a kumatu, daga gefen baki har kunne. Ran da aka fara ganinsa sai wani baƙo ya yi tsalle daga kan tabarma ya ce, "Wallahi namu ne! Ku dubi tsagar!" Daga ranar sunan dogon ya zama Bagobiri.

Baƙon nan shi ne Mu'az, mutumin Sabon Birni, sa'ar Ɗanbaba. Kowace kakar goro yana zuwa, kuma tun zuwansa na fari jininsu ya haɗu. Kwano ɗaya suke ci. Mu'az ne ya koya wa Ɗanbaba dara, Ɗanbaba ya koya masa Yarbancin da zai yi ciniki da wanda zai yi zagi.

Sai ga wata Lahadi. Jirgin ya sauka a wata busasshiyar ƙasa mai rana biyu. Aka aiki Bagobiri ya duba wani rami mai kama da rijiya, wanda haske ke fitowa daga cikinsa. Yana tsaye a bakin ramin sai ƙararrawa ta ɗauki kuka a cikin jirgi, mutane suka yi ta gudu, ƙofa ta rufe, jirgi ya tashi. Abin da aka nuna na ƙarshe shi ne Bagobiri daga nesa, shi kaɗai a fili, ya ɗaga hannu ɗaya sama. Rubutu ya hau, aka kira magariba.

Baba Sakinat, tela Bayarabe da ke maƙwabtaka da gidan, shi ya fara magana.

"Ah, jirgin ya huta. Mutum ya samu ya sauke Bagobiri a hanya, ai sai ya yi sadaka."

"Rufe mana baki, bawana," in ji Mu'az. Aka yi dariya, amma shi bai yi ba. "Za su koma. Madugu ba ya barin mutum a daji."

Lahadi ta zagayo, zaure ya cika har waje. Jirgin yana wata duniya dabam, ana wata rigima dabam. A cikin jirgin babu wanda ya ambaci Bagobiri, ko da wasa. Amma da mutanen jirgin suka zauna cin abinci a dogon teburinsu, sai Mu'az ya damƙi hannun Ɗanbaba.

"Dubi kujerarsa."

Tana nan, ta uku daga hannun daman Madugu, babu kowa a kanta. Ba a ɗauke ba, ba a ba wani ba.

"Ka gani? Ba su naɗe masa tabarma ba."

A cikin makon nan saƙo ya zo cewa mahaifiyar Mu'az ba ta da lafiya. Ya bi wata motar goro da za ta Arewa. Ya bar akwatinsa na ƙarfe a kulle, da buta, da takalman zuwa masallaci, ya bar tabarmarsa a shimfiɗe. A bakin mota ya ce wa Ɗanbaba, "Kafin Sallah ina nan. Ka kalla mini, kada ka bari ko ɗaya ya wuce ka. In na dawo ka ba ni labarin yadda suka ɗauko shi."

Ɗanbaba ya kalla masa. Kowace Lahadi yana gaban akwatin, idonsa a kan kujerar nan, kuma bayan an tashi yakan maimaita labarin a ransa yana ɗaurin huhu, don kada ya zube. Sallah ta zo ta wuce. Kujera tana nan babu kowa. Sai wata Lahadi aka kunna akwati aka ga kokawa. An daina nuna Ayarin Sama, ba sallama, ba bayani.

An nemi Mu'az yadda ake neman mutum a wancan zamani. Alhaji ya ba direbobi saƙo, ya ba fatake. Wani ya ce motar ta faɗi bayan Jebba. Wani ya ce a'a, ta isa lafiya, ya gan shi a tashar Gusau. Da aka aika Sabon Birni aka tarar tsohuwar ta rasu, danginta sun ƙaura zuwa cikin Nijar. Bayan shekaru wani alhaji ya rantse ya ga mai kama da shi a Makka yana tura keken tsofaffi. Ɗanbaba da kansa ya je Arewa sau ɗaya, karo na farko kuma na ƙarshe a rayuwarsa, ya dawo da zazzaɓi da labarai uku da ba su yarda da juna ba.

Da Alhaji ya ji jikinsa ya ƙi, ya kira Ɗanbaba ya ce, "Ɗakin Mu'az fa." Ran rabon gado 'yan'uwa suka ce a fasa ɗakin a sa shi cikin rabo. Ɗanbaba ya ce a sa shi cikin nasa rabon. Haka aka yi. Ya tashi da ɗaki biyu, ɗaya a kulle. A cikin ɗayan ya yi zaman aure da matarsa Ashatu, a ciki suka raini 'ya'yansu har suka watse, wasu Legas, wasu Abuja. Kowace Juma'a da safe yakan buɗe ɗakin baƙon, ya share gefe da gefen tabarmar ba tare da ya ɗaga ta ba, ya zuba maganin gara, ya mayar da kwaɗo.

Harkar goro kuwa ta bi ta hannunsu kamar ruwa. Motoci suka koma shiga gonaki kai tsaye, daga baya waya ta zo, falke yana Kano yana ciniki da manomi a Shagamu, wa yake neman mai gida? 'Yan'uwa suka mayar da zaure shago suka ba haya. Ɗanbaba ya koma ɗaura wa masu biki ƙwarya ɗaya ƙwarya biyu, wato goro ɗari ko ɗari biyu, da faranti a gabansa a kan benci.

A kan bencin nan musun ya zauna, ya tsufa tare da masu yinsa. Kullum bayan la'asar Abdurrahim yakan rufe shagonsa ya tako daga Mokola, ya ɓare goro a farantin Ɗanbaba ba tare da ya tambaya ba. Za a taɓa siyasa, a taɓa tsadar shinkafa, amma ko ta ina aka bi sai an ɓullo a bakin ramin nan mai haske.

"Madugu ya ci amana, magana ta ƙare," Abdurrahim zai ce. "Ya ji ƙararrawa, ya ga ransa, ya ja ƙofa. Da kunnena na ji abin da ya faɗa."

"Kai da kunnenka! Ba kai ka ce mana matar nan mai farin gashi ƙanwarsa ce ba? Mako na gaba sai ga shi yana neman aurenta."

"Turawa ne, wa ya san musu?"

"To, hannun da ya ɗaga fa?"

"Kira yake yi. Ku tsaya, ku tsaya!"

"Wanda ke kira hannu biyu yake ɗagawa, yana gudu. Wannan a tsaye yake, hannu ɗaya. Sai kun dawo, shi ya ce."

Akwai wani malamin allo, Allah ya jiƙansa, da yakan tsaya idan zai wuce. Shi a ganinsa Bagobiri tun asali ba mutum ba ne, aljani ne ya bi ayari, da ya ga ƙofar garinsu ya tsaya. Hujjarsa ita ce bai taɓa ganin ya kai loma baki ba.

"Allah gafarta Malam," Ɗanbaba zai ce, "in ba ya cin abinci, me ya kai kujerarsa teburi?"

Kullum a kan kujerar yake tsayawa. Wa ya rufe ƙofar, me ke cikin ramin, me ya sa ƙararrawa ta yi kuka, duk yana iya sakar wa mutum waɗannan. Kujerar ce ba ya saki. Jirgi ne da kowane taku na cikinsa yake da amfani, in ji shi, amma aka bar kujera guda babu kowa har shirin ya ƙare. Wanda bai yi niyyar komawa ba ba zai bar ta ba. An dai katse mana ne kafin su isa.

Samarin unguwa, waɗanda aka haifa bayan an jefar da akwatin, sun san labarin Bagobiri kamar sun gani da idonsu. Sukan tsokane shi suna wucewa a kan babur: "Baba, Madugu ya juyo kuwa?" Shi kuma ya ce, "Yana hanya, ɗan nema." Da yawansu sun ɗauka wasa yake.

Haka aka yi ta tafiya har shekarar da aka yi rikicin Kasuwar Shasha, can gefen Ibadan. Haulatu, ƙanwar Ɗanbaba, tana can tun aurenta, tana sayar da albasa da busasshen barkono, mijinta ya rasu. Wuta ta ci rumfarta da ɗakin da take haya. Ta iso Sabo a bayan wata motar tumatir, da zanen jikinta, da 'yarta Radiyya, da 'ya'yan Radiyya biyu ƙanana. Mijin Radiyya direba ne, yana can Arewa, ba shi da inda zai sa su.

Gidan a cike yake da iyalan 'yan'uwa da 'yan haya. Ɗakin Ɗanbaba bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, ga Ashatu kwance a ciki tun da ɓarin jikinta ya shanye. Aka kafa labule a baranda, Haulatu da nata suka zauna a bayansa, ƙafafunsu suna fuskantar ƙofar da ke da kwaɗo.

Ta yi haƙuri har ta ga hadari ya fara haɗuwa ta wajen Bodija. Ran nan ta same shi yana sauya wa goro ganye.

"Yaya, ruwa ya kusa."

"Na gani. Zan sa a ƙara leda a barandar."

"Ba leda na zo nema ba. Ka kwashe kayan mutumin nan ka sa a ƙarƙashin gadonka. Ba cewa na yi ka zubar ba."

"Ba kayan ba ne, Haulatu. Kin san dokar gidan nan."

"Na san ta. Ni ma a gidan aka haife ni. Baba ya yi dokar ne don baƙon da ya je Shagamu zai kwana biyu, ba don wanda ya fi shekara arba'in ba. Da yana da rai da ya aiko."

"Da ya mutu da an aiko."

"Wa zai aiko? Wa ya san da kai?"

Ya ci gaba da jera goro, fari gefe, ja gefe. Ba wai bai ji ba ne. Da ruwan farko ya sauka, shi ya fito ya riƙe ledar da hannunsa har ya jiƙe sharkaf, ƙaramar jikar tana tari a bayan labule. Washegari ya kai hannu aljihun da makullin yake ya fi a ƙirga. Amma duk lokacin da ya taɓa shi sai ya ga Mu'az ya shigo da jakarsa, tsoho kamar shi, ya leƙa ya tarar da tabarmarsa a jingine. Me zai ce masa? Na gaji da jiranka?

Haulatu ta san yayanta. Ta san ba a kan tabarma kaɗai ƙafarsa take tsaye ba. Ta ce wa Radiyya, "Ke da kika yi boko, nemo mini ƙarshen fim ɗin nan a wayarki. In sun ɗauko shi mu ji, in ba su ɗauko shi ba mu ji."

Radiyya ta je Mokola ta sami Abdurrahim, ya daɗe yana sosa ƙeya kafin sunan shirin na Turanci ya faɗo masa. Bayan kwana biyu, da la'asar, ta fito da waya a hannu, uwarta na biye da ita. Mata ba sa zama a bencin nan, don haka Haulatu ta tsaya a bakin ƙofa.

"Kawu, na samo muku Bagobirinku."

Tsofaffin biyu suka haɗa kai a kan 'yar wayar. Sai ga ramin, ga hasken, ga dogon. Ashe ƙasar ja ce wur, rigar Madugu kuma shuɗiya. Ba su taɓa sani ba. Jirgi ya tashi, hannu ya ɗagu. Ɗanbaba ya sa aka mayar baya har sau uku.

"Hannu ɗaya," ya ce. "Ka gani da idonka."

"Na ga bakinsa a buɗe," in ji Abdurrahim. "Ihu yake."

"Akwai sauran abu," in ji Radiyya. "Ba ku kaɗai ba ne fa. Akwai wani dandali a intanet, mutane sun yi shekaru suna wannan musun naku."

Ta yi ta karantawa tana fassarawa. Wani a Amurka ya ce Madugu ya san ramin zai haɗiye jirgin, dole ta sa. Wata a Brazil ta ce mutumin ɗan leƙen asiri ne, da gangan aka yar da shi. Wani ya ce ba mutum ba ne tun farko, Abdurrahim ya buga cinya ya ce Allah ya jiƙan Malam. Sai wani daga Japan ya rubuta dogon bayani a kan kujerar: ya bi shirin kashi-kashi, babu inda wani ya zauna a kanta, wannan alama ce da masu shirin suka bari cewa za a koma.

Ɗanbaba ya miƙe tsaye, goro ya zube daga cinyarsa.

"Maimaita! Daga ina ya ce? Japan! Abdurrahim, ka ji? Mutumin da bai taɓa zuwa Sabo ba, bai san Alhaji ba! Radiyya, rubuta masa, ki ce wani tsoho a nan Badun yana gaishe shi."

Radiyya ba ta rubuta ba. Ta dubi uwarta.

"Ci gaba," in ji Haulatu.

"Mama, abeg, a bar shi haka."

"Ki fassara masa duka. Kada ki rage ko kalma."

A ƙasan dandalin wani ya sa hoton bidiyo. Wani tsohon Bature ne a kujerar guragu, ɗaya daga cikin waɗanda suka rubuta shirin, ana yi masa tambayoyi a gaban taro. Radiyya tana tsayarwa tana faɗa, muryarta ƙasa-ƙasa.

"An tambaye shi me ya sa aka bar mutumin. Ya ce ɗan wasan ne ya nemi ƙarin albashi, aka hana, ya yi fushi ya tafi. Sai suka sauke shi a wuri na farko da jirgin ya tsaya."

"To. Sai kuma su koma in ya huce," in ji Ɗanbaba.

"An tambaye shi ko sun yi niyyar komawa. Ya ce babu wanda ya taɓa tayar da maganar."

"Kujerar fa? Ba a tambaye shi kujerar ba?"

An tambaye shi. A cikin wayar tsohon ya karkata kai, ya ce wace kujera? Aka yi masa bayani. Sai ya fashe da dariya har yana share ido, taron ma ya ɗauka.

"Ya ce kujerun nan duk a kafe suke da ƙusa a jikin daɓen, tare da teburin. In za a cire ɗaya sai an fasa daɓen duka. Shi ya sa aka bar ta." Ta sake tsayar da bidiyon. "Ya ce shi ko sunan da suka sa wa mutumin ba ya tunawa."

Babura suna ta wucewa. Mai shagon da ke zaure yana auna wa wata gari. Abdurrahim, wanda ya yi shekara arba'in yana jiran ranar da za a ce Madugu bai koma ba, ya zauna yana kallon ƙasa.

"Ni da na ce ya ci amana," ya ce a hankali, "ashe girmama shi na yi. Mai cin amana ai ya san da ita."

Ɗanbaba ya durƙusa yana tsince goron da ya zube, ɗaya bayan ɗaya, yana goge kowanne da bakin riga.

"Mu'az ba Bature ba ne," ya ce, bai ɗago ba.

"Ni ma ba Baturiya ba ce, Yaya," in ji Haulatu. "Ga ni a baranda."

Bai jira Juma'a ba. Ya ajiye farantin, ya shiga gida, ya buɗe kwaɗon. Ya fitar da akwatin ƙarfen da butar da takalman ya kai ɗakinsa. Sa'an nan ya dawo ya durƙusa a gaban tabarmar, ya yi bisimilla, ya kama bakinta zai naɗe. Ba ta naɗu ba. Inda ya kama ya ɓalle a hannunsa, ya kama gaba, nan ma ya ruguje. Kabar ta bushe ta mutu tun ba a sani ba, siffar kawai ta rage a ƙasa. Sai da tsintsiya aka kwashe ta. Ya ƙi bari kowa ya taya shi.

Haulatu ta shiga ɗakin kafin magariba, ruwa kuwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Ba ta yi masa godiya ba, shi ma bai nema ba. A ganinta haƙƙinta ne aka jinkirta mata har jikarta ta kwanta asibiti da ciwon ƙirji. A ganinsa ita ta aika aka tono abin da ya fi kyau a bar shi a rufe. Daga ranar gaisuwa ce kawai tsakaninsu, ina kwana, lafiya lau, a gida ɗaya, ƙofa na kallon ƙofa.

Bencin ma bai koma yadda yake ba. Abdurrahim ya ci gaba da zuwa, a taɓa siyasa, a taɓa tsadar shinkafa, sai a yi shiru, babu inda za a ɓulla. Wata rana ya gwada, ya ce, "Amma fa hannun nan, Baturen bai ce komai a kansa ba." Ɗanbaba ya ce, "Wataƙila ƙuda yake kora." Abdurrahim ya koma zuwa ran Juma'a kaɗai, daga baya ya ce gwiwarsa ba ta son gangaren Mokola. Samari suka daina tambayar ko Madugu ya juyo, don ran da wani ya tambaya, tsohon ya dube shi ne kawai har yaron ya ji kunya.

Sau ɗaya ya sake tayar da maganar, bayan rasuwar Ashatu, da Abdurrahim ya zo gaisuwa. Ya ce, "Duk na riƙe masa, ka sani. Tun daga ramin har Lahadin da aka sa kokawa, ko ɗaya bai zube ba. Yanzu in ya shigo ya ce ba ni labari, me zan ce? In ce masa ƙusa ce?"

Ya rasu ran wata Talata, ana yayyafi. Bayan addu'ar bakwai 'ya'yansa suka zo daga Legas da Abuja, aka kira malami ya raba abin da ya bari, wanda ba shi da yawa. Aka fito da riguna, da farantin goro, da rediyon da Abdurrahim ya gyara masa ya fi sau goma. Sai aka jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, a kulle, da buta da takalma a kansa. Babban ɗan ya ce a kawo guduma.

Malamin ya ce, "Tsaya tukuna. Wannan na mamacin ne?"

'Ya'yan suka dubi juna. Sun san amsar, amma motar Legas ba ta jira, kuma wa zai ɗauki wannan kaya?

Daga bayan labule, inda mata suke, aka ji muryar Haulatu.

"Na baƙo ne."

Ta fito, ba ta dubi kowa ba. Ta kama hannun akwatin, ta ja shi a ƙasa yana ƙara, ta tsallaka baranda da shi, tana tsaki tana cewa mutum ya mutu ma bai bar mutane sun huta ba. Ta tura shi ƙarƙashin gadonta, ta dawo ta ɗauki butar da takalman.